HUTUN IYALI: A ZAUNA A YI LISSAFI KAFIN A ƊAURA KAYA

Idan aka rufe makarantu domin hutun Kirsimati, ko kuwa dogon hutu na damina, tambaya ɗaya ce takan taso a gidaje da yawa: ina za a kai yara bana? Mu malaman makaranta mukan ji ta sau biyu. Mukan ji ta daga bakin yara kafin a tashi, sa'an nan mu ji amsarta daga bakin iyaye bayan an komo, sa'ad da ake roƙon a ɗaga musu ƙafa a kan kuɗin makaranta domin tafiyar hutu ta cinye abin da ke hannu.

Hutu ba laifi ba ne. A cikin Bisharar Markus sura 6 mun ga Ubangijinmu da kansa ya janye almajiransa daga taro domin su huta. Amma a cikin Luka sura 14 ya kuma ba da misalin mai ginin da ya kamata ya fara ƙididdige abin da zai kashe, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Saboda haka a wannan wata muna so mu gwada wuraren da iyali daga Sabon Birni ko Isa za su iya zuwa, mu ga wanne ya fi nauyi, wanne ya fi sauƙi, da kuma dalilin haka.

ABIN DA YARA SUKE GANI A WAYA

Yaranmu na yanzu sun san wuraren da mu ba mu sani ba muna ƙanana. Suna ganin hotunan manyan filayen wasa na Amurka a cikin wayar iyayensu. Mafi suna shi ne Disneyland, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1955, da ɗan'uwansa Walt Disney World na Fulorida wanda aka buɗe a 1971. Gari ne sukutum aka gina domin wasa, da lilo iri iri, da jiragen ƙasa na yara, da otal-otal a ciki.

To, bari mu yi lissafinsa sau ɗaya domin hankali ya kwanta. A 2025 tikitin shiga na yini ɗaya a Fulorida ya haura dala 100 ga mutum guda. Iyali mai mutum shida za su biya fiye da dala 600. A waccan shekarar dala ɗaya ta yi ta yawo a wajen naira 1,500, watau kuɗin ƙofa kaɗai ya kai naira 900,000. Albashi mafi ƙanƙanta da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, ko 840,000 a shekara. Ke nan ma'aikacin da ke kan wannan mataki zai yi aikin shekara guda cur bai biya wa iyalinsa kuɗin ƙofa na yini ɗaya ba, balle jirgin sama da masauki. Yana da kyau uba ya nuna wa manyan yaransa wannan lissafi a kan takarda. Yaron da ya ga adadi da idonsa ba ya zargin ubansa da rowa.

ƘOFOFI BIYAR DA KUƊI KE FITA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin shiga wuri, a ji kaɗan ne, a ce ai da sauƙi. Ga mu mutanen gabashin Sakkwato, kuɗin shiga shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za a kashe. Ƙofofin su ne waɗannan.

Ta ɗaya, kuɗin mota. Ita ce babba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi ta. Ta biyu, masauki. Ta uku, abinci, gama cikin da ya saba da tuwon gida ba ya ƙoshi da arha a tasha. Ta huɗu, kuɗin shiga da na wasanni. A yawancin filayen wasa na biranenmu akan biya a ƙofa, sa'an nan kowane lilo da nasa kuɗi dabam, yaro kuwa ba ya hawa sau ɗaya ya ce ya isa. Ta biyar, tsaraba da gaisuwa: abin da za a kai wa masu masauki, da abin da za a kawo wa maƙwabta.

Farashi yana canzawa kowane wata, don haka ba za mu auna da naira ba. Za mu auna da abin da ba ya canzawa: kujeru nawa, kwana nawa, kwano nawa. Mu ɗauki iyali mai mutum shida, maigida da uwargida da yara huɗu, autan yana kan cinya. Kowace mota suka shiga kujera biyar ce. Maigida ya je tasha ya tambayi kuɗin kujera ɗaya, ya ninka da kansa.

SAKKWATO

Daga Sabon Birni ko Isa mota ɗaya ce zuwa Sakkwato. Zuwa da komowa kujera 10 ke nan. Kwana ɗaya ko biyu sun isa, kuma da wuya a rasa ɗan'uwa ko ɗan ikilisiya da zai ba da ɗaki.

Mutane sukan raina Sakkwato domin kusa take, amma yaro zai ga abubuwa da yawa. Akwai gidan tarihi mai sunan Waziri Junaidu, inda aka ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da makamai da kayan sarauta. Akwai ƙofar fadar Sarkin Musulmi, da unguwar da Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817. Yaran Kirista su ma 'yan ƙasar nan ne, ya kamata su san tarihin maƙwabtansu, su koyi shiga irin waɗannan wurare da ladabi da suturar kirki. A kai su wurin majema da dukawa su ga yadda fatar jar akuyar Sakkwato take zama jaka da takalmi, fatar da tun zamanin da ake ƙetare hamada da ita har Turai. Wanda ya biyo ta Goronyo kuma zai iya nuna wa yara ƙasar da madatsar ruwan Gulbin Rima take shayarwa, wadda aka gama ginawa a 1984. Cikin gari kabu-kabu ba ya ɗaukar iyali, sai a sa kuɗin keke mai ƙafa uku a lissafi.

ARGUNGU

Daga Sakkwato sai a sake mota, tafiyar kamar kilomita 100. Kujeru sun zama 20, kwana biyu zuwa uku. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ganin dubban masunta sun faɗa kogin Matan Fada da homa da gora a lokaci ɗaya abu ne da yaro ba zai manta ba.

Amma a lura da abu biyu. Ba kowace shekara ake yin bikin ba. An yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a maido shi a 2020. Sa'an nan kwanakin biki su ne kwanakin tsadar ɗaki da abinci, ga cunkoso mai wahalar da mai ƙananan yara. Wanda ya je ba lokacin biki ba zai sami gidan tarihi na Kanta da bakin kogi cikin natsuwa, da kuɗi kaɗan.

MARAƊI DA TSIBIRI

A taswira, Maraɗi ta fi Kano kusa da mu nesa ba kusa ba. Jini ɗaya ne kuma. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa suka yi ta ƙaura har suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga can ne kuma Ɗan Halima ya rabu ya zo ya kafa Sabon Birni. Ga Kirista akwai ƙarin abin gani. Mishan na SIM sun zauna a Tsibiri tun shekarun 1920, sun buɗe asibitin Galmi a 1950, suna kuma da wurin jiyyar kutare a Danja. A ƙasar Maraɗi ne wani ma'aikacin mishan, Tony Rinaudo, ya fara koya wa manoma a 1983 su riƙa barin tohon kututture yana girma a gona, abin da ake kira sassabin zamani, wanda ya maido da itatuwa a gonaki masu yawan gaske. Ɗan manomi zai ƙaru da ganin wannan.

Sai dai nauyin wannan tafiya ba a nisa yake ba, a canji yake. Tun faɗuwar naira a 2023, jaka ɗaya ta sefa ta ninka tsadarta fiye da sau biyu ga mai naira. Kwanon abincin da yake da arha ga mutumin Maraɗi ya zama mai tsada gare mu. Iyaka kuma ba ta da tabbas: an rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sa'an nan Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Mai niyya ya bi ta ƙofar hukuma da takardun shaidar kowa a hannu, kada ya bi ɓarauniyar hanya da iyali.

KANO

Wanda ya bi ta Sakkwato zai hau mota biyu, kujera 20, amma kujerar Kano ta ninka ta Sakkwato, gama tafiyar ta wuce kilomita 500. Yini guda zuwa, yini guda komowa daga Sakkwato, don haka ƙasa da kwana huɗu wahala ce kawai.

Gidan namun daji na Audu Baƙo, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, shi ne abin da yara suke so: zaki, da kura, da jimina, da kada. Kuɗin ƙofarsa ba shi da nauyi. Ban da shi akwai Gidan Makama, da Dutsen Dala wanda daga kansa ake hangen birni duka, da marinar Ƙofar Mata, da kasuwar Kurmi. Amfanin Kano shi ne wurare da yawa a kuɗin mota ɗaya. Haɗarinta kuwa ƙofa ta biyar ce. Uwargida da ta shiga Kantin Kwari, da yaran da suka ga manyan kantuna, sukan kashe a yini ɗaya abin da ya fi kuɗin ƙofofin duk wuraren da aka ziyarta. A yanka wa tsaraba iyaka tun daga gida.

JOS DA YANKARI

Waɗannan su ne masu nisa. Jos tana da gidan tarihi da aka buɗe a 1952, inda ake ganin kawunan yumɓu na mutanen Nok, da gandun namun daji na 1972, da sanyin da ɗan Gobir bai taɓa ji ba. Can ne kuma hedkwatar ECWA take, ikilisiyoyi da masaukin baƙi na Kirista suna da yawa, wannan yakan rage nauyin kwana.

Yankari ta jihar Bauchi ita ce ta fi kama da wuraren hutun da ake gani a waya, gama a ciki ake kwana, a ciki ake ci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye, da ɓauna, da dorina, da gwanki, da ruwan ɗumi na Wikki wanda zafinsa yake tsaye a awo 31 dare da rana. An fi ganin dabbobi da rani sa'ad da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Gwaggon biri a sansanin ba ya jin kunyar kowa, duk wanda ya bar ƙofa a buɗe ya yi sallama da guzurinsa.

A nan ƙofofin biyar duka a buɗe suke. Mota uku ce kafin a isa Bauchi, kujera 30 zuwa da komowa. Daga Bauchi sai shata, gama daga ƙofar daji zuwa sansanin Wikki kaɗai ya wuce kilomita 40. Ba ɗan'uwan da zai saukar da ku, tilas a kama ɗaki, iyali shida kuwa ɗaki biyu ne. Ana biyan kuɗin shiga, ana kuma biyan motar zagaya daji.

A JERA SU

Sakkwato: kujera 10, kwana 2, kwanon abinci 36.
Argungu: kujera 20, kwana 3, kwano 54.
Kano: kujera 20 (rabinsu na dogon zango), kwana 4, kwano 72.
Yankari: kujera 30 da shata, kwana 6, kwano 108, da ɗakin haya.

Mun ƙidaya mutum shida sau uku a yini. Abin da jerin nan yake koya mana shi ne, ba sunan wuri ke kawo tsada ba, nisa da yawan kwana ne. Kowane kwana da aka ƙara, kwano 18 ne. Don haka guzurin uwargida, su dambu da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama da gari, yakan ceci kuɗi fiye da duk cinikin da maigida zai yi a tasha.

KUƊIN DA BA A RUBUTA A TAKARDA BA

'Yan'uwa, ba za mu yi maganar tafiya daga Sabon Birni da Isa mu tsallake maganar hanya ba. Duk mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasarmu. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka mutu. A 2024 aka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu. Dubban 'yan'uwanmu sun yi gudun hijira zuwa ƙasar Maraɗi da cikin Sakkwato. Idan hanya ba ta bar sarki ba, wa za ta bari?

Wannan yana shiga lissafi ta hanya biyu. Na fari, gajeriyar hanya ba kullum ce mai arha ba. Daga Isa ta Shinkafi da Ƙauran Namoda zuwa Gusau ya fi kusa, amma hanyar ta sha tarewa, wanda ya zagaya ya biya ƙarin kujeru bai yi asara ba. Na biyu, ba a tafiyar dare ko ta asuba da yara, wannan kuwa yana ƙara kwana, kwana yana ƙara kuɗi. Kafin a tashi a tambayi direbobin tasha da waɗanda suka biyo hanyar jiya. Idan suka ce a dakata, a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bangaskiya ba ta ce mu jarraba Allah da ran 'ya'yanmu domin kallon giwa ba. Yusufu da Maryamu ma cikin ayarin dangi da abokai suke zuwa Urushalima kowace shekara, kamar yadda Luka sura 2 ta nuna.

HUTU BA TARE DA MOTA BA

Akwai shekarar da amsar gaskiya ita ce, bana ba inda za mu. Wannan ba abin kunya ba ne, ba kuma shi ne ƙarshen hutu ba. Abin da yaro yake nema a tafiya shi ne ya ga sabon abu, ya kuma sami iyayensa ba su cikin sauri. Ana iya ba shi biyun nan a cikin gari.

Kufan Alƙalawa yana cikin ƙasar Sabon Birni. Ko ba a iya kai yara can yanzu ba, akwai tsofaffi cikin gari da suka san labarin Bawa Jangwarzo da na Yunfa. A nemi izini a kai yara su gaishe su, su saurara, su rubuta. A kai su maƙera, da wurin masaƙa, da wurin masu gyaran waya. Makarantar Lahadi da Zumuntar Mata su shirya mako guda na wasanni da waƙa da gasar haddace ayoyi a harabar ikilisiya, kowane gida ya kawo mudu ɗaya. A gayyaci yaran da aka koro daga ƙauyukansu, ko wane addini suke bi. Da yawansu ba su san abin da ake kira hutu ba, gama ba su da makarantar da za a rufe.

SHAWARA GA MAIGIDA DA UWARGIDA

Ku zauna ku biyu ku yi lissafin nan tare, kada ɗaya ya yi wa yara alkawari a bayan ɗaya. Ku fara fitar da zakar Ubangiji, da kuɗin makaranta na zango mai zuwa, da abincin gida har zuwa albashi ko amfanin gona na gaba. Abin da ya ragu shi ne na hutu. Kada a taɓa hatsin rumbu ko akuyar uwargida domin yawon buɗe ido, kada kuma a ci bashi dominsa. Murnar kwana huɗu ba ta kai zaman wata shida ana ɓuya daga mai bin bashi ba.

Mai son tafiya mai nisa ya fara asusu ko adashi tun watan Janairu. Iyali biyu ko uku su haɗu su yi shatar mota ɗaya, nauyi ya ragu, ga kuma abokan hanya. Da yawa daga cikinmu a nan aiki ne ya kawo mu, gidajenmu suna Zuru, ko kudancin Kaduna, ko Filato. Idan za a je gida Kirsimati, a ƙara kwana ɗaya a birnin da za a ratsa, yara su ga gidan tarihi ko na namun daji. Ta haka an riga an biya kujeru, sai kuɗin ƙofa da kwano 18. A kullum kuma a ɓoye kuɗin komowa dabam, da ɗan abin magani, ba a taɓa su ko me aka gani a kasuwa.

Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Maƙwabcinka ya kai nasa Yankari, kai ka kai naka Sakkwato, wani kuma ya zauna da nasa a gindin darbejiya yana ba su labari. A ranar da aka koma makaranta, abin da muke so mu gani shi ne yara duka sun komo da rai da lafiya, da kuɗin makarantarsu a hannu, da labarin da za su faɗa wa 'yan ajinsu. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya kuma maido da salama a ƙasar Gobir. Amin.